Kyamarar Gaban Mota: Yadda Za a Zaɓe Ta, a Maƙala Ta, a Kuma Kula da Ita

Gabatarwa

A ci gaba da ƙoƙarinmu na wayar da kan jama'a dangane da kiyaye rayuka da dukiyoyi a kan hanyoyin jiharmu, a wannan karo mun kawo bayani a kan wata ƙaramar na'ura da ta fara yawaita a shagunan kayan mota da na wayar salula, wato kyamarar da ake maƙalawa a jikin gilashin gaban mota domin ta riƙa ɗaukar bidiyon abin da ke gudana a kan hanya. Bayanin ya shafi masu motocin kansu, direbobin haya da shugabanninsu na tasha, jami'an ƙananan hukumomi masu kula da motocin gwamnati, da kuma iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda a gabansu ake fara kai ƙara idan an yi karo ko an buge dabba. Abin da ke cikinsa shawara ce muke bayarwa, zaɓi kuwa yana hannun mai mota.

Sanin kowa ne cewa haɗarin hanyar karkara yakan auku ne a inda babu idon jama'a: tsakanin wannan gari da wancan, a kan kwana, ko bayan magariba lokacin da ake dawowa daga cin kasuwa. Kafin 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su iso, an riga an ture motocin gefe, ƙafafun mutane sun shafe sawun taya, kowane direba kuma ya tsara nasa labarin. Fasinjojin kowace mota sukan goyi bayan direbansu. Daga nan sai magana ta koma rantse-rantse, a yi makonni ana kai da kawowa, mota tana ajiye ba ta aiki, iyalin direba suna jiran abin sakawa a baka, wani lokaci ma a ƙare da ɗora wa marar laifi biyan ɓarnar da ba shi ya yi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Aikin wannan kyamara shi ne ta tsaya a matsayin mai ba da shaida wanda abin ya faru a kan idonsa.

To amma mai ba da shaidar da barci ya kwashe a lokacin da abin ya faru, ko wanda bai ga lambar mota ba, ko wanda ya kasa faɗin ranar, ba zai fid da kowa ba. Haka kyamara take. A yankinmu abubuwa uku ne ke saurin lalata ta ko ɓata aikinta: zafin rana, ƙura da gargadar hanya. A kan waɗannan muka gina shawarwarin da za su biyo baya.

Yadda na'urar ke aiki

Kyamarar tana shan wuta ne daga batirin mota. Da zarar an kunna mota sai ta fara ɗauka da kanta, ba sai an danna komai ba, idan kuma an kashe mota sai ta adana abin da ta ɗauka ta mutu. Tana rubuta bidiyon a kan ɗan ƙaramin katin ajiya irin na wayar salula, wanda jama'a ke kira memori. Ba ta ɗaukar bidiyo guda mai tsawo, takan yanka shi gutsure-gutsure na minti 1, 3 ko 5. Idan katin ya cika, sai ta shafe gutsuren da ya fi daɗewa ta rubuta sabo a kansa. Ma'anar wannan ita ce, bidiyon da ba a cire ba ko ba a kulle ba, zai shafe da kansa bayan wasu awoyi na tuƙi.

A cikinta akwai wani ma'aunin jijjiga. Idan ya ji karo ko an taka burki da ƙarfi, sai ya kulle gutsuren wannan lokaci domin kada a rubuta wani a kansa. Akwai kuma maɓallin da direba zai danna da hannunsa ya kulle. Wasu kyamarorin suna da GPS, wadda ke buga wuri da gudun mota da lokaci a jikin hoton. Wasu kuma ana iya haɗa su da wayar salula a kalli bidiyon ba tare da an cire katin ba.

Direbobin ƙasar Rasha sun daɗe da rungumar wannan na'ura saboda yawan rigingimun inshora da masu shirya haɗarin ƙarya domin karɓar kuɗi. Yawanta a motocinsu ya sa a ranar 15 ga Fabrairu 2013, lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman birnin Celyabinsk, kyamarorin motoci da dama suka ɗauki abin, har masana suka yi amfani da hotunan wajen lissafa hanyar da dutsen ya biyo. Babu direban da ya shirya wa wannan safiya, kyamarorin dai suna kunne ne kamar kullum.

Abubuwan dubawa kafin a saya

1. Juriyar zafi. Wannan shi ne na farko a wurinmu. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a garuruwan Arewa da dama, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan wuce digiri 60, kuma jikin gilashin gaba, inda kyamarar ke zama, yana daga cikin wuraren da suka fi ɗaukar zafi. Kyamarorin iri biyu ne: masu ƙaramin batir irin na wayar salula, da masu kafasita, wato wata 'yar ma'ajiyar wuta da ke riƙe caji na 'yan daƙiƙu kawai, daidai yadda na'urar za ta adana bidiyon ƙarshe. Batir irin na waya yakan kumbura a zafi, ya mutu da wuri, wani lokaci har ya kama da wuta. Kafasita ta fi jure zafi nesa ba kusa ba. Saboda haka a nemi mai kafasita, a kuma duba jikin kwali a ga iyakar zafin da aka rubuta tana ɗauka. Wadda ba ta kai digiri 60 ba, a bar ta.

2. Tsabtar hoto. A jikin kwali za a ga an rubuta 720p, 1080p, 1440p ko 4K. Waɗannan lambobi suna nuna yawan ɗigon da ke cikin hoto: 1080p tana nufin ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, 1440p kuwa 2560 da 1440. Mafi ƙarancin abin da muke ba da shawara shi ne 1080p mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ɗaya. A yi hattara da masu arha da aka rubuta wa 4K, domin wasunsu ƙaramin hoto suke buɗawa ya yi girma ba tare da ya ƙara fitowa ba. Arha dai ba ta ado.

3. Ganin dare. Hanyoyin karkara ba su da fitilun titi, kuma hasken motar da ke tahowa yakan dallare idon kyamara. A nemi wadda aka rubuta wa WDR ko HDR, domin ita ce ke daidaita haske da duhu a hoto guda.

4. Faɗin gani. Tsakanin digiri 130 da 150 ya wadatar, domin zai kama hannun da ake tafiya da na masu tahowa da kuma gefen hanya. Idan faɗin ya yi yawa, abubuwa sukan lanƙwashe a gefe, motar da ke gaba kuma ta yi ƙanƙanta har lambarta ta ƙi karantuwa.

5. Irin maƙalinta. Akwai mai robar da ke tsotsar gilashi, akwai mai gam. Zafi yakan sassauta robar, gargada kuma ta kakkaɓo ta. Mai gam ta fi zama daram, kuma hotonta bai cika rawa ba.

6. Ido ɗaya ko biyu. Akwai mai kallon gaba kawai, akwai mai ƙarin ido a gilashin baya. Ga motar haya da ke yawan tsayawa ɗaukar fasinja a gefen hanya, idon baya yana da amfani saboda masu bugowa ta baya. Idan kuɗi bai kai ba, gara ido ɗaya mai kyau da biyu marasa kyau.

7. Girma da launi. Ƙarama baƙa, wadda za ta ɓuya a bayan madubi, ta fi babba mai walƙiya, domin ba za ta tare wa direba gani ba, ba kuma za ta ja hankalin ɓarawo ba.

Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya kunna ta, a ɗauki motar da ke tsaye kamar taku 10 zuwa 15, sa'annan a buɗe bidiyon a waya ko kwamfuta a ga ko lambar tana karantuwa. Ƙaramin allon kyamarar yakan ɓoye aibin hoto. A karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan shago da sharaɗin canji.

Katin ajiya

Mutane da yawa sukan kashe kuɗi a kan kyamara, sa'annan su saka mata tsohon memorin waƙoƙi da aka ciro daga waya. A nan ne matsala ta fi faruwa. Kyamara tana rubutu da shafewa ne ba tsayawa, cikin zafi, kuma kowane kati yana da iyakar yawan rubutun da zai iya ɗauka kafin ya gaji. Idan ya gaji, fitilar kyamara tana iya ci gaba da haske alhali babu abin da ake adanawa, ba za a gane ba sai ranar da ake buƙata.

A nemi katin da aka yi musamman domin kyamarar mota ko ta tsaro, irin su SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance. Mun ambace su ne a matsayin misali kawai. A duba alamar U3 ko V30 a jikinsa, wadda ke nufin yana iya rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa. Dangane da girma, kyamara mai 1080p takan ci kamar gigabait 6 zuwa 7 a awa ɗaya, gwargwadon saitinta. Ke nan kati mai gigabait 32 zai riƙe kamar awa 4 zuwa 5, mai 64 kamar awa 9, mai 128 kuwa ninkin haka. Idan ido biyu ne, lokacin zai ragu kusan rabi. Direban da ya taso daga Kano zuwa Maiduguri, tafiyar da ta kusa kilomita 600, idan katinsa mai 32 ne, kafin ya sauka bidiyon fitarsa daga Kano ya riga ya shafe. Har ila yau a duba littafin kyamarar a ga iyakar girman katin da take karɓa. Akwai jabun kati a kasuwa, wanda aka rubuta wa 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, don haka a saya a shagon da za a iya komawa.

Inda za a maƙala ta

Wasu sukan ɗora ta a kan dashbod. Ba mu ba da wannan shawara ba, domin a nan rana ta fi duka, bonet yana cinye rabin hoton, jijjiga kuma ta fi yawa. Wurin da ya dace shi ne saman gilashin gaba, a tsakiya, bayan madubin duba baya. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mazaunin direba yana hagu, saboda haka a ɗan karkatar da kyamarar zuwa dama, ɓangaren mai zaman gaba, yadda madubi zai ɓoye ta daga idon direba. Ga matakan da za a bi:

Na farko, a tabbata idon kyamarar yana cikin wurin da waifa ke sharewa. Idan ya fita daga nan, ruwan damina da ƙurar hunturu za su rufe shi. A kuma sauko da shi ƙasa da baƙin zanen da ke saman gilashi, nesa da tsagewa da takardun haraji ko na ƙungiya da ake mannawa. A sababbin motoci akwai wani akwati a bayan madubi mai ɗauke da na'urorin motar. Kada a manna komai a kansa, kada kuma a tare shi.

Na biyu, kafin a ɓare gam, a kunna kyamarar a riƙe ta a wurin, a duba allonta ko waya a ga abin da take kamawa. Wani ya zauna a kujerar direba ya tabbatar ba ta tare masa gani ba, kuma madubi da marfin tare rana suna motsi yadda suka saba.

Na uku, a goge wurin da sifirit da tsumma mai tsabta, a bari ya bushe sarai. A yi aikin a inuwa, da safe ko da yamma, lokacin da gilashi bai ɗauki zafi ba. A manna maƙalin, a danne shi da ƙarfi kamar minti ɗaya, sa'annan idan da hali a bar shi ya kwana kafin a hau gargada da shi.

Na huɗu, a daidaita kallonta yadda hanya za ta ɗauki kamar kashi 60 cikin 100 na hoton, sama ta ɗauki 40, bakin bonet kuma ya ɗan fito a ƙasa. Idan sama ta yi yawa, haskenta zai sa hanya ta yi duhu. A tuna a cire siririyar ledar da ke kan idon sabuwar kyamara.

Na biyar, a kawar da carbi, laya ko kayan ado da ake ratayawa a madubi idan suna lilo a gaban idon, a kuma daina ajiye farar takarda ko kwalin tishu a kan dashbod, domin inuwarsu kan fito a gilashi ta rufe hoton.

Jan waya da haɗa wuta

Hanya mafi sauƙi ita ce a soka cajar kyamarar a ramin laita, inda take mayar da wutar mota mai bolt 12 zuwa bolt 5. Manyan motoci irin su tirela da tifa galibi bolt 24 suke amfani da shi, don haka a karanta jikin cajar a ga ko tana ɗauka. A yi amfani da waya da cajar da suka zo da kyamarar. Kada a bar wayar tana reto a gaban direba ko kusa da giya da burki. A cusa ta a bakin rufin mota, a bi da ita zuwa ɓangaren mai zaman gaba, a sauko ta ginshiƙin da ke tsakanin gilashi da ƙofa, a bi ta ƙarƙashin akwatin ajiyar takardu har zuwa ramin laita.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. A motoci da yawa akwai jakar iska ta kariya a cikin wannan ginshiƙi da gefen rufi, wadda ke fashewa ta tare kan mutum a lokacin karo. Wajibi ne wayar ta bi ta bayan jakar, tare da wayoyin motar na asali. Idan ta gitta ta gabanta, tana iya hana jakar buɗewa yadda ya kamata ko ta zama bulala a fuskar fasinja. Wanda bai san wurin ba, ya kai wa ƙwararren mai gyaran wutar mota.

A wasu motocin ramin laita ba ya mutuwa ko an zare makulli. A gwada, idan haka ne, a riƙa cire cajar idan za a kwana, don kada a wayi gari batir ya sauka. Mai son kyamarar ta riƙa gadin mota a tsaye, sai an ja mata waya ta musamman daga akwatin fis, wadda ke yanke wuta da kanta idan ƙarfin batir ya sauko kusa da bolt 12. Wannan aikin mai rewaya ne, kuma kada a yarda ya fere wayar mota ya ɗaura ba tare da fis ba, domin ta haka gobara ke tashi.

Saiti da kulawa

Bayan an maƙala, a fara da gyara kwanan wata da lokaci. Agogon Nijeriya yana gaban agogon GMT da awa 1, don haka mai GPS sai a saita ta a kan +1. Bidiyon da ke nuna wata shekara dabam ya buɗe ƙofar musu. A yi wa katin fomat a cikin kyamarar kanta. A saita tsawon gutsure a minti 3. Inda aka ba da zaɓi tsakanin 50 da 60, a ɗauki 50, daidai da wutar lantarkin ƙasarmu, domin hasken fitilun gari ya daina ƙyaftawa a hoto. A sa allon ya riƙa mutuwa da kansa bayan minti ɗaya, saboda kada ya ɗauke hankalin direba da dare.

Ga masu bin hanyar burji da mai ramuka, saitin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na ma'aunin jijjiga. A sauke shi zuwa mataki mafi ƙasa. Idan aka bar shi a sama, kowane rami zai ɗauka karo ne ya kulle gutsure, cikin 'yan kwanaki kulallun bidiyo su cika wurin da aka ware musu ko katin gaba ɗaya, wasu kyamarorin ma su daina ɗauka.

Kowace safiya, lokacin da ake duba mai da ruwa, a dubi fitilar kyamarar a ga tana nuna alamar ɗauka. A lokacin hunturu a riƙa goge idonta da cikin gilashi da tsumma mai laushi. A fara hure ƙurar, domin gogewa a kan yashi yana karce ido. Sau ɗaya a wata a buɗe bidiyo biyu ko uku a kalla, a kwafe abin da ake so, a sake yi wa katin fomat. A nemi inuwa wajen ajiye mota, idan kuma za ta daɗe a rana ko za ta kwana a waje, a zare kyamarar daga maƙalinta a tafi da ita.

Idan haɗari ya auku

Rai ne a gaba. A fara da ceton waɗanda suka ji rauni, a kira lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ko lambar gaggawa ta 112. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa. Bayan haka sai a danna maɓallin kullewa, a kashe kyamarar, sa'annan a cire katin a adana. Cire shi tana kunne yana iya lalata gutsuren ƙarshe, wanda shi ne ake nema. A kwafe bidiyon a wuri biyu. Kada a yanke, kada a gyara, kada a goge komai daga katin asali. Idan hukuma ta nemi katin, a ba da shi a rubuce, a riƙe kwafi. Idan wata mota ta yi ɓarna tana neman gudu, direba ko yaron mota ya karanta lambarta da ƙarfi, domin ko hoto bai kama ba, murya za ta shiga.

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura, bisa wasu sharuɗɗa. Daga ciki akwai cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, da kuma gabatar da takardar tabbaci mai sa hannun wanda ke da alhakin kula da ita, wadda ta bayyana na'urar da yadda aka samar da bidiyon. Wannan ya nuna dalilin da ya sa muka nanata batun kwanan wata da duba kati. Bidiyon yana kuma taimakawa wajen neman diyya daga kamfanin inshora. Daga ranar 1 ga Janairu 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta mayar da kuɗin inshorar kare haƙƙin wani na motar gida Naira 15,000 a shekara, tare da ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3.

Ya kamata kowane direba ya sani cewa kyamara ba ta san mai ita ba. Idan shi ne ya yi gudun wuce ƙima, ko ya sha gaban mota a kan kwana, ko yana amsa waya, haka za ta nuna.

Haƙƙin jama'a

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta tsara yadda ake tattarawa da amfani da bayanan mutane. Direban haya ya sanar da fasinjoji cewa akwai kyamara, musamman mai ɗaukar murya ko mai kallon cikin mota. Muna kira da babbar murya da a daina watsa hoton gawa ko na masu rauni a Facebook da WhatsApp; bai dace uwa ta fara sanin rasuwar ɗanta daga wayar maƙwabci ba. Bidiyon da ya kama masu aikata laifi a hanya, a miƙa shi ga jami'an tsaro a asirce, domin yaɗa shi yana iya jefa direban da garinsa cikin haɗari. A kashe kyamara idan za a shiga bariki ko wani wurin tsaro, ko idan jami'an wurin suka buƙaci haka.

Ga jami'ai da iyayen ƙasa

Ƙaramar hukumar da ta yanke shawarar saka kyamara a motocinta, ta fara gwada guda ɗaya a hanyoyinta na tsawon wata kafin ta sayi da yawa. A buɗe rajista mai ɗauke da lambar mota, irin kyamara, ranar maƙalawa da ranar duba kati na kowane wata. A ɗora alhakin cire kati da adana bidiyo a kan jami'i guda, wanda zai iya sa hannu a takardar tabbaci idan magana ta kai kotu. A tanadi katin canji ga kowace mota. A yi wa direbobi bayani tun farko, su fahimci cewa na'urar kariya ce ga mai gaskiya a cikinsu. A motar ɗaukar marasa lafiya, a kashe ɗaukar murya, kada kuma a saka ido mai kallon ciki.

Ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da shugabannin tasha da ake kawo wa bidiyo wajen sulhu, muna ba da shawarar a kalli abin tun daga mintunan da suka gabaci karon, a duba kwanan wata, a kuma nemi ganin katin asali maimakon gutsuren da aka turo ta waya. A tuna cewa kyamara gabanta kawai take gani, kuma faɗin idonta yakan sa abu ya zama kamar ya fi nisa. Saboda haka a haɗa ta da bayanin waɗanda suka halarta. Inda aka rasa rai ko aka yi mummunan rauni, a miƙa maganar da katin ga 'yan sanda.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna tunatar da jama'a cewa kyamara ba ta taka burki. Lafiyayyen taya, fitila mai haske, rage gudu a cikin gari da ranar kasuwa, da hutawa idan barci ya zo, su ne ke kai matafiyi gida. Wanda ya samu halin saka kyamara, ya zaɓi mai jure zafi, ya saka mata kati nagari, ya maƙala ta a bayan madubi, ya kuma riƙa duba ta kowane wata. Muna roƙon shugabannin tasha da masu unguwanni su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su samu karantawa ba. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya, amin.